Shafin Hotunana Ya Rasu Yana Wata Takwas

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wanda fiye da rabinsa haushi ne, ni Bushira Ahmad Datti, mai ɗaukar hoton mata a Kabo, nake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar shafina na intanet, wanda aka gina don duniya ta ga aikina. Ya cika ranar Talata da hantsi, bayan jinyar kwana uku.

An haifi marigayin a shagon Yaya Fahad, ɗan kawuna, da ke kusa da tashar Gwarzo. Tun da na gama jami'a na dawo gida da kamara, aikina a cikin gidaje yake: kamu, suna, walima, wuraren da namiji ba ya taka ƙafa. Dalilin da ya sa ake kirana ke nan. Matar da ba za ta ɗaga ido ta kalli mai hoto namiji ba, a gabana sai ta ajiye mayafi ta taka rawa. Yaya Fahad ya ce zama ba shafi ƙauyanci ne. Ban iya musu da na gaba da ni ba, balle wanda yake haɗawa da Turanci. Na miƙa masa filas ɗina na ajiyar hotuna gaba ɗaya, da niyyar in ce hotunan gonaki da na kasuwa kaɗai zai taɓa. Shagon cike yake da maza. Na buɗe baki, na rufe, na ce sai an jima. Da na ga na gonakin ya ɗora, sai na ɗauka ya fahimta.

Marigayin mai natsuwa ne. Idan aka kira shi, sai ya tsaya yana juya ɗan da'irarsa har mutum ya yi alwala ya dawo. Bai taɓa damun kowa ba, bai kuma taɓa kawo mini ko aikin hoton fasfo ba. Bai ji Hausa ba har ya mutu. A goshinsa akwai hoton wani dutse mai ƙanƙara, a ƙasa kuma wasu Turawa uku suna murmushi a matsayin ma'aikatana, ɗaya riƙe da kare. Da su ya zo duniya, mahaifinsa ya ce zai cire su in ya samu lokaci. Muryarsa sau biyu na taɓa ji, wani ɗan "ƙilin" da yake yi idan saƙo ya shigo. Na farko Yaya Fahad ne yake gwadawa. Na biyu wani ne yake tambaya ko ina so a gina mini shafi.

A wata takwas, sau talatin da ɗaya aka leƙa shi. Goma sha tara mahaifinsa ne, goma sha ɗaya ni ce. Ɗayan ban san shi ba, ina jin ɓatan hanya ya yi.

Ciwon ajali ya fara ne da magani. Ranar Asabar Yaya Fahad ya duba yaron ya ce ba shi da rai, ya buɗe kwafin filas ɗina da ya ajiye, ya ɗura masa hotuna sittin da huɗu na cikin gida, bai tambaye ni ba. A ciki har da na Inno ta Madadi, mahaifiyar mai unguwa, wadda tun da aka kai ta ɗaki babu baƙon namijin da ya ga gashinta. A kamun jikarta ne, ɗankwalinta ya zame, furfura a waje, tana dariya har da hawaye. Ban taɓa ɗaukar hoton da ya kai shi kyau ba.

Muntari mai cajin waya ya jefa adireshin shafin a guruf ɗin waya na mazan gari. Cikin kwana uku aka leƙa shafin sau dubu ɗaya da ɗari da arba'in. Mutanen da ba su iya haƙurin layin famfo ba, sai ga su tsaye a kan tudu, waya a sama, suna jiran da'ira ta gama juyawa. Da suka ƙoshi sai suka kira ni nasiha. Wani bawan Allah daga Garo ya yi minti goma sha biyu yana tsoratar da ni, yana faɗa mini launin atamfar kowace mace da inda ta tsaya. Na jinjina wa haddarsa. Hajaratu, maƙwabciyar Inno, ta aiko cewa kada in zo sunan ɗanta ranar Juma'a. Yaya Fahad kuwa ya tare ni da fara'a: "Kin ga mutane kuwa? Ai yanzu shafi ya tashi!" A wannan shagon, a gaban mazan nan, na ce, "Yaya, ba ni lambar sirrin." Ya ba ni. Na rufe shafin a tsaye.

Washegari na je Madadi na durƙusa. Inno ta amsa gaisuwata tun daga gajiya har mutan gida, ba ta rage ko ɗaya ba, sannan ta ce in nuna mata. Ta daɗe tana kallo. Ta ce, "Ashe haka nake dariya." Can ta ce, "Don ke na bar ɗankwalin a ƙasa, 'yar nan, ba don tashar Gwarzo ba." Da zagina ta yi, da ya fi mini sauƙi.

Marigayin ya bar mahaifinsa, wanda tuni ya fara lallaɓa wani tela ya gina masa shafi. Ya bar Turawa uku da kare. Ya bar 'ya'ya barkatai a wayoyin maza, waɗanda ba ni da ikon binnewa. Ya bar kamarata a jaka, ba ta san ko za ta ƙara shiga wani gida ba.

Za a yi jana'iza gobe Alhamis bayan azahar a tsakar gidan Inno. Zan kai kwamfutar Yaya Fahad, matan da ke cikin hotunan su zauna su gani, Inno ta danna maɓallin gogewa da yatsanta, kamar yadda ta nema. Maza ba sai sun zo ba, sun yi wa marigayin kallon da ya isa tun yana raye. Babu zaman makoki. Mai son yi mini ta'aziyya ya goge abin da ke wayarsa.

Inno ta ce in wanke mata hoton nan guda ɗaya tak, na ƙasan akwatinta. Ta kuma ce ranar Juma'a in rataya kamara in biyo bayanta gidan Hajaratu, ta ga wanda zai tare ƙofa. Katin ajiyar hotunan kamarar, in ji ta, a haɓar zaninta za a ƙulle shi.

Sanarwa: Bushira Ahmad Datti, Kabo.