Ranar da Na Yi Cigiyar Tunkiya a Filin Wasa

Ba zan taɓa mantawa da yammacin da na tsaya gaban mutanen da suka cika babban filin wasa na birnin Kano ba, makirfo a hannuna, sabuwar shadda a jikina, na tona wa kaina asiri da bakina.

A lokacin ina saurayi, ina noman gero da gyaɗa tare da Baba a ƙauyenmu da ke gefen Makoda. Waya ba ta yawaita ba, abin da muke da shi wata tsohuwar rediyo ce da eriyarta ta karye na maye ta da wayar keke. Ina rataye ta a reshen gawo in kama noma, ita kuma ta yi ta shuuu kamar ana suyar ƙosai. A cikin wannan shuuu ɗin na fara jin wata waƙa ta wani mawaƙin zamani da ke tashe, mai jita da ganguna irin na Turawa. Amshin, yadda ya shigo kunnena, shi ne: "Tunkiyata ta ɓata, jama'a ku taya ni nema."

Wallahi waƙar ta taɓa ni. A daminar nan aka sace wa Inna tunkiyarta, muka zaga kasuwanni uku ba mu gan ta ba. Na ce yau ga ɗan birni da ya san ciwon talaka. (Akwai baitin da yake cewa wadda ta tafi da ita ba ta da tausayi. Na ɗan yi mamakin ɓarauniyar dabba mace, amma na ce birni ne, komai na iya faruwa.) Allah ya ba ni murya, ba yabon kai ba, don haka duk wurin gayya ni ke bayarwa, samari na amsawa. Kafin kaka, duk ƙauyen a bakina ya koyi waƙar.

Bayan Sallah aka sanar mawaƙin zai yi wasa a birni da la'asar. Abokina Sale direba ya ce zai kai mu a bas ɗinsa. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne Binta, yarinyar da nake nema, za ta je tare da yayanta Auwalu. Yaya Auwalu ɗalibi ne a birni, kuma ya riga ya faɗa wa mutanen gidansu cewa ƙanwarsa ta fi ƙarfin baƙauye. Na ƙudura a raina ranar zai san da wa yake magana.

Ban taɓa ganin taro irin wannan ba, ko a filin Idi. Lasifikoki jibga-jibga, kowanne ya kai rumbun Baba. Ga wani ƙaton allo da ke nuna fuskar mutum har kana iya ƙirga haƙoransa. Da mai ganga ya buga, a ƙirjina na ji ta kafin kunnena. Muka kutsa har gaba, muna ihu, Sale ya cire hularsa yana kaɗawa kamar ba shi ne mai 'ya'ya biyu ba. Har yau idan na rufe ido ina jin ƙamshin turaren mutanen nan haɗe da na soyayyar gyaɗa.

Can sai makaɗa suka ɗauko kiɗan waƙata. Kafin ya fara, mawaƙin ya ɗaga hannu ya ce, "Wa ya haddace wannan? Ya hau mu yi tare!"

Ban ankara ba 'yan ƙauyenmu suka ɗaga ni sama suna nuna ni. (Gaskiya ban yi wata turjiya ba.) Masu tsaro suka jawo ni kan dandamali.

"Daga ina, malam?" in ji mawaƙin.

"Daga Makoda!"

Fili ya ɗauki tafi. Na hango Binta ta rufe baki da mayafi, Yaya Auwalu ya harɗe hannuwa a ƙirji. Na gyara hula, na lumshe ido yadda na ga mawaƙin na yi, na buɗe murya iya ƙarfina:

"Tunkiyata ta ɓata, jama'a ku taya ni nema!"

Har sau biyu na maimaita, da karkarwar murya da komai. Sai na ji ganga ta tsaya. Na buɗe ido na ga mai jita ya durƙusa ya riƙe ciki. Mawaƙin ya matso a hankali ya dafa kafaɗata.

"Malam, me ka ce ta ɓata?"

"Tunkiya," na ce, ta cikin makirfo, duk duniya na ji.

"Allah sarki. Fara ce ko baƙa?"

Jama'a, a nan ne ya kamata in gane. Amma raina ya koma kan ta Inna, sai na ce da gaske, "Fara ce, mai baƙin kunne."

Filin ya fashe. Daga can saman benaye wasu suka fara "mbeee", kafin ka ce kwabo kowane ɓangare ya ɗauka. Na waiga na ga fuskata a ƙaton allon nan, baki buɗe, gumi na zuba. Sai mawaƙin ya karɓi makirfo ya rera yadda take: "Zuciyata ta ɓata, jama'a ku taya ni nema." Ashe waƙar soyayya ce. Ashe ɓarauniyar budurwa ce. Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da ban tsaya cire takalmi ba.

Mawaƙin mutumin kirki ne, ban ƙi faɗa ba. Bai bar ni na sauka haka ba. Ya riƙe hannuna ya ce wa taron, "Yau da tunkiya za mu yi ta!" Haka dubban mutane suka yi ta cigiyar tunkiyar Inna har aka kusa kiran magariba.

A hanyar komawa, sai wani can baya ya ce, "Ni dama na san zuciya ce." Nan take kowa ya ce shi ma ya sani. Mutanen da muka yi damina guda muna rera ta tare! Muna gab da gida wani garke ya tsallaka titi, Sale ya taka birki ya juyo ya ce, "Sauka ka duba, ko tana ciki." Yaya Auwalu ya yi dariya har ya sarƙe, yana bubbuga bayana. Ranar ya fara kirana Mai Tunkiya, kuma ranar ya fara yi mini magana kamar mutum. Daga baya ya faɗa wa mahaifinsu cewa duk wanda bai iya ɓoye wautarsa a gaban dubban mutane ba, ba zai ɓoye wa matarsa komai ba.

Binta kuwa, da na tambaye ta me ya hana ta gyara mini tun farko, cewa ta yi, "Naka ya fi ban tausayi."

Yanzu 'ya'yanmu huɗu. Sale ya rasu, Allah ya jiƙansa, yawancin samarin bas ɗin nan sun watsu neman abinci, sai a biki ko gaisuwar mutuwa muke haɗuwa. Kuma duk inda muka haɗu, ko a wajen zaman makoki ne, sai wani ya sunkuyo kusa da kunnena ya ce "mbeee" a hankali. Ni dai abin da na koya shi ne, idan aka tambaya wa ya iya, ko da ka tabbata ka iya, bari mai abu ya fara rera baiti ɗaya tukuna.