Guzurin Mashkura

"…ya ƙarin haƙuri, ubangidan da ba ya ciyar da bawansa?"

"Haƙuri da godiya, bawan gado," na amsa wa Ɗangoggo.

Ɗangoggo taubashina ne, ɗan ƙanwar mahaifina, yana da rumfa a kasuwar Gwagwalada. A shekarar da aka kwaso ma'aikatarmu daga Legas zuwa Abuja, 'yata Mashkura ta taso daga jami'a don ta ga sabon gidanmu, motarsu ta kife a hanya. Bayan sadakar arba'in na kai masa kwalin littattafanta.

"Ungo, ka riƙa ƙunshe gishiri da su."

"Gishirin nawa? Bokonku ya ɓata wa mutane miya? Dubi yadda ya busar da kai, sai ka ce kilishi ya sa tabarau."

"Bawa ba ya musu da ubangidansa. Ɗauka."

"Ubangidan da gwamnati ta loda a tirela, shi da kujerun ofis? Da ma an bar ka, an kawo ƙarin kujera."

"Ni na matsa mata, Ɗangoggo. Ni na ce sai ɗalibta. Ga inda ta kai ta."

Ya daɗe yana goge mudu.

"To, shehun malami, mece ce ɗalibtar? Ni na ɗauka cuta ce mai cinye gashin kai."

"Rashin sani ya fi dare duhu. Daga Larabci take. Ɗalibi shi ne mai nema, ɗalibta kuwa zaman nema. Ba a ce mai samu ba."

"Ashe kai ba ka taɓa yin ta ba, tunda ko takalminka sai matarka Maiturare ta nemo maka. Malaminmu na zaure ya ce wanda ya fita neman ilimi yana kan tafarkin Allah har ya dawo gida. Ta dawo?"

"Ba ta iso ba."

"To a kan tafarkin aka ɗauke ta. Shi ne za ka ba ni guzurinta in zuba gishiri? Digiri har biyu, amma sai bawa ya yi maka fassara!"

Dariya ta kufce mini, ta farko tun ranar jana'iza. Da hawaye ta fito.

"Ka ci wannan, bawa."

Da kansa ya mayar da kwalin cikin motata, ya ɗora ƙullin gishiri a kai.

"Kai wa Maiturare. A leda na ƙulle shi."