Laimar Kwaɗi a Ɗakin Amarya

Ba zan taɓa mantawa da ranar da dangin Talatu suka zo ganin ɗaki ba. Lokacin ina sabon malamin gona a Ajingi, na dawo daga makarantar koyon aikin gona da keke, da gajeren wando, da wani ji da kai wanda ko jaki ba zai iya ɗauka ba. An sa ranar aurena da Talatu, 'yar garin Gafasa, sai an gama cirar gyaɗa.

A makaranta akwai wani malaminmu Ba'indiye da ya koya mana noman laimar kwaɗi a cikin buhu. I, ita dai wadda kuka sani, mai tsirowa a juji da damina, sai dai tasa irin ta ci ce. Da zan taho ya ba ni irin a kwalba. Na dafa ɓawon gyaɗa da yankakken kara, na bari suka huce, na cuɗa da irin, na ɗura a tsofaffin buhunan takin zamani, na huhhuda su. Abin yana son duhu da sanyi da danshi. Na duba gidanmu kaf, babu inda ya dace sai sabon ɗakin da aka gina wa amarya. (Kada ku tambaye ni inda hankalina ya tafi, ni ma na neme shi ban samu ba.)

Na jera buhunan, na kulle ɗakin, kullum in shiga da buta in yayyafa ruwa. Ko Inna, mahaifiyata, ban gaya wa ba. So nake sai abin ya yi kyau in ba garin mamaki, sannan in kwashe kafin biki.

Ashe mata ba sa bin lissafin malamin gona. Wata ranar kasuwa, Gwaggo Hansai, yayar mahaifin Talatu, ta shigo gari da wasu mata, suka ce bari su leƙa ɗaki su ga inda gado zai zauna. Inna ta laluba rigata ta ciro makulli.

Da na dawo daga aiki, salati na tarar a tsakar gida. Ƙofar ɗakin a buɗe, warin ruma ya cika ko'ina, bango ya jiƙe, ga buhunana sun yi fure fari fat ta kowace huda. Gaskiya sun yi kyau, har zuciyata ta yi wani sanyi kafin in tuna halin da nake ciki.

"Wannan hannun maƙiya ne," in ji Gwaggo Hansai. "Ina aka taɓa ganin abin juji ya tsiro a ɗakin da aka kulle? 'Yarmu ba za ta taka nan ba. A ɗaga bikin nan sai an san wanda ya yi."

An riga an aika a kira Liman. Inna kuwa tana gefe tana share hawaye, tana lissafa mutanen da ba sa amsa mata gaisuwa da kyau.

Na jingine keke, na cire takalmi, na durƙusa can nesa kamar yadda suruki ke yi. Na so in yi shiru, amma na ga auren yana neman suɓuce mini saboda ɓawon gyaɗa. Sai na dubi ƙasa na ce, "Gwaggo, ni na shuka."

"Ka shuka me?"

"Abin ci ne, Gwaggo. A wasu ƙasashe miya ake yi da shi."

Inna ta riƙe baki. "Kai wannan, miyar wa?"

Gwaggo Hansai ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi da ya fi mini sauƙi. Shiga ta yi, ta tsinko ɗaya da bakin zanenta, ta ajiye a gabana. "To bismilla, ɗan nan. Mu gani."

Ku da kuka san al'ada kun san ko ruwa suruki ba ya sha a gaban surukansa. Ni kuwa ga ni durƙushe, mata sun yi mini zobe, ina tauna ɗanyar laimar kwaɗi, ina jin ƙarar muƙamuƙina a kunnena. Kunya ta kama ni har na rasa yadda ake haɗiya.

Ban tsira ba tukuna. Shimfiɗa tabarma suka yi, suka zauna suna jiran su ga ko zan faɗi ko zan fara sambatu. Wata tana ta tambayata, "Ka san ko ni wace ce?" Haka Liman ya zo ya same mu. Ya leƙa ɗakin, ya dube ni, ya saurari bayani, sannan ya gyara rawaninsa ya ce, "Ku kwantar da hankalinku. Wannan ba sammu ba ne, boko ne. Shi kuwa ba ni da rubutunsa."

Ba a ɗaga biki ba, alhamdu lillahi. Amma da hannuna na kwashe buhunan zuwa bayan gari, aka kankare bango, aka sake daɓe, aka yi ta turare kamar an fitar da mushe. Da aka kawo gara, kuka da kuɓewa da daddawa sun ninka na kowace amarya, tare da saƙo cewa idan sun ƙare in aiko, kada in wahalar da kaina.

Na dai koyi cewa duk ilimin da ka ɗauko daga makaranta, ka fara gwada shi a kunnen uwarka. Idan ta riƙe baki, to bai isa shiga gida ba. Gwaggo Hansai kuwa, har Allah ya karɓi ranta, duk zuwan da za ta yi sai ta ja Talatu gefe, ta rage murya yadda zan ji, ta ce, "'Yar nan, faɗa mini gaskiya. Yana ba ki abincin mutane?"