Rediyon Sojan Surukina

Ba zan taɓa mantawa ba, ko tsufa ya kwashe sauran abin da ke kaina, da la'asar ɗin da na tara dattawan unguwarmu a Tawa domin in kunna musu rediyon soja.

Ni tsohon malamin lakwal ne, wato makarantar boko, wanda 'yan mishan suka horar, kuma a hannunsu na koyi cewa "ban sani ba" magana ce ta malalata. Bara maiɗakina, Hajiya Rabi, ta kamu da shanyewar ɓarin jiki. Ƙafa ta soma dawowa, amma magana ta ƙi, dariya kuwa ta ɗauke ƙaf. Likita ya ce a riƙa janta da hira. Ni kuwa (Allah ya yafe mini) hirata ba ta wuce gyara wa mutane kuskure.

Wata rana ina neman mata mayafi a adakarta, sai na ci karo da wani ɗan allo ruwan ƙasa, bai kai tafin hannu ba, naɗe cikin ƙyalle. Bayansa siraran hanyoyi ne na jan ƙarfe, gabansa 'yan ƙwayoyi masu ƙafafu, ga wayoyi a tsintsinke. Na nuna mata. Ta rungume hannunta mai lafiya a ƙirji tana jijjigawa. Na ɗauka sanyi take ji, na lulluɓe ta.

Na sa tabarau, na duba abin ciki da waje, na yanke hukunci: mahaifin Hajiya tsohon sojan Faransa ne, saboda haka wannan zuciyar rediyon da ya riƙe a fagen fama ce. Ban kai wa masu gyara na kasuwa ba, domin a ganina tarihi ba aikinsu ba ne. Na goge shi da auduga, na ware jar waya da baƙa domin batir, sauran na ɗaura wa lasifikar tsohon rediyona (wannan kaɗai na yi daidai). Ban gwada ba. So nake sautin farko ya fito gaban shaidu.

Aka shimfiɗa tabarmi a tsakar gida, aka ɗora shayi, Hajiya tana kishingiɗe ƙarƙashin rumfa. Har taubashina Illa ya zo daga Barmu. Na miƙe cikin babbar riga, na yi jawabi mai tsawo a kan jaruntakar marigayi, na gargaɗe su cewa mai yiwuwa mu ji ƙarar saƙon soja, kada kowa ya firgita.

Illa, mai kirana da laƙabin malaman lakwal, ya ce, "Mushe, in Nasaran ya amsa, ka ce mishi shayi ya sauka."

Na harare shi, na murɗa waya a kan batir. Shiru. Can sai jinjiri ya tsala kuka, sannan wata siririyar murya ta ce, "Mama, mama." Kukan ya sake dawowa. Na kai hannu in cire wayar, amma na kasa kwance abin da na murɗa da kyau. Illa kuwa ya miƙe tsaye, ya ƙame, ya sara wa lasifikar.

Ina addu'ar ƙasa ta tsage in shige, sai na ji dariyar da na daɗe ban ji ba tana fitowa daga rumfa. Hajiya ce, har da hawaye. Da harshe mai nauyi ta ce, "Ta Dije ce."

Ashe cikin 'yar tsana ne, wadda ƙanen Hajiya ya kawo wa autarmu Dije daga Abijan tun tana tatata. Roba ta lalace, uwa ta adana muryar. Jijjigar da ta yi mini kuwa, rarrashin jinjiri take nuna mini.

Yanzu kowace safiya nakan kunna mata, kalmominta kuma suna ƙaruwa. Cikakkiyar maganarta ta farko ita ce wai ban iya naɗe ƙyallen daidai ba. Illa har yau sara mini yake a ƙofar masallaci.

Na koyi cewa ya kamata mutum ya gwada abinsa a ɗaka kafin ya tara jama'a. Sai dai da na bi wannan ƙa'ida, da ban ji kunya ba, da kuma Hajiya ba ta yi dariya ba.