Ɓeran da Ke Cin Tagarmu

Makon jiya na mayar wa maƙwabcina Malam Ila da kyanwar da ya ara mini. Ta yi makonni a gidana tana shan madarar da ni kaina sai ranar albashi nake gani, ba ta kama ko ƙadangare ba. Ashe ba laifinta ba ne. Ɓeran da ke gaigayar katakon tagarmu, na kama shi da idona da safiyar ranar: 'yata ce Dije, wadda ba ta cika shekara uku ba. Ta yi ɗage, ta kafa haƙora, tana taunar ɓawon fenti kamar alewa.

Masu karatu za su tuna yadda na yi wa hukuma kaca-kaca a wannan fili kan yawan ɓeraye, har da kawo tarihin annoba. Ina neman afuwar ɓerayen unguwarmu ta Doka baki ɗaya.

An daɗe yarinyar ba ta da lafiya. Ciwon ciki, ƙin abinci, bayan gida sai an yi da gaske, ga rigima ba dalili. 'Yan kalmomin da ta fara iyawa ma suka soma ɓacewa. Kakarta ta ce haƙori ne. Matar Malam Ila ta ce haƙori ne. Mai kemis ya ce tsutsa ce, domin maganin tsutsa yake da shi. Ni kuwa, da digirina rataye a falo, na yanke cewa hali ne, kuma daga dangin uwarta ta gado shi.

A asibiti likita ya duba tafin hannunta da cikin idonta, ya ce jininta ya yi ƙasa. Ya tambayi abin da take ci. Matata Safara'u ta harare ni, ta ce, "Taga, likita."

Bai yi dariya ba. Ya ce tsohon fentin mai yakan ƙunshi dalma, yana da ɗan zaƙi a bakin yaro, kuma a hankali yake taɓa ƙwaƙwalwa. Na'urar auna dalma a jini babu ita a wurinsu, amma ya ce in je in shafa tafin hannuna a bango, in ga ko zai fito da gari kamar alli, in duba ko fentin ya tsattsage kamar fatar kada. Kada a kankare shi a bushe, a riƙa goge ƙurar da jiƙaƙƙen tsumma, a wanke mata hannu kafin ta ci komai. Mafi alheri, a fitar da ita daga gidan.

Na shafa. Hannuna ya fito kamar na malamin firamare.

Mai gidan, Alhaji Datti, ransa ya ɓaci da na kai masa maganar. "Haba Malam, fentin Ingila ne fa, tun zamanin Turawa. Yanzu ina za ka sami irinsa?" Don ya nuna mini karamci, ya ce kafin Sallah zai turo a kankare bangon tas da takardar yashi, muna ciki. Na yi godiya, na roƙe shi ya bar alherin.

Daga nan na bi layin mai, na ƙarasa ofishin Mai Girma Uban Ƙawata Gari. Dole a yaba wa mutanen nan. Duk ranar da babban baƙo zai wuce, ba dutsen bakin titi ba, ko gindin bishiya sai ya sha farin fenti. Ma'aikatansu kuma ba randar da ba su leƙa ba. Na ce, ranka ya daɗe, yarinya ce ke cin guba a bangon gidan haya. Ya saurare ni da natsuwa, sannan ya bayyana mini cewa ikonsu ya tsaya ne a bangon da ke kallon titi. Abin da ke ciki sha'anin iyali ne, kuma hukuma ba ta shiga tsakanin mutum da iyalinsa. Na dubi bangon ofishinsa yana ɓarewa, na dube shi, na ce a raina ko shi ma ya ɗan taɓa ci. Amma likita ya ce yara abin ya fi kamawa, saboda haka ba ni da hujja.

Yanzu Dije tana unguwar Kawo wurin kakarta, ita da uwarta. An ce ta soma karɓar tuwo. Maganar ce ba ta dawo ba tukuna, likita kuma bai yi mana alkawarin komai ba.

Ni kuma ina yawon neman gida a Hayin Banki. Duk ɗakin da aka buɗe mini sai in durƙusa daidai tsawon yarinya, in bi bango da taga da kallo. Jiya dillalin, wani Hamisu, ya gaji da jirana a bakin ƙofa, ya ce, "Malam, in sallah za ka yi, gabas nan take."

Saboda haka in kun leƙa wani kango kun ga mai furfura da laktaye yana rarrafe, kada ku tara masa jama'a. Ku je gida ku gwada. Gwiwa tana ɗan ciwo, amma ba a biyan haraji a kai tukuna.