Doguwar Sumar Barira Tartsatsi

Duk wanda ya yi yayin gambarar zamani a Kaduna ya san Barira Tartsatsi, 'yar Rigasa. 'Yar firit ce, amma in ta karɓi makirfo sai ka ga ƙarti suna laluben ƙofa. Wani mawaƙi ya taɓa tasowa takanas daga Jos don ya kara da ita. Ta fara da takalminsa, ta bi ta kan wandonsa, kafin ta kai ga hula bawan Allah ya ce fitsari yake ji, kuma har yau ba a ga dawowarsa ba. Mutum ɗaya ce abin bai taɓa burgewa ba, Innarta. Kullum cewa take, "In an tambaye ni sana'ar 'yata in ce me? In ce zagin mutane take yi da kiɗa?"

To, da Barira ta gaji da gorin Inna sai ta tattara ta koma Kano ta faɗa harkar fim. Allah ya taimake ta ta samu shiga wani shiri mai dogon zango, aka ba ta matsayin Nihal, mata mai haƙuri, mai magana ƙasa-ƙasa, mai sunkuyar da kai. Jama'a, Barira da sunkuyar da kai! Amma wallahi ta iya. Nan da nan ta yi suna, har Inna ta fara tara matan layi a tsakar gida duk ranar da za a saki shirin, tana nuna talabijin da baki tana cewa, "Kun ganta nan, tarbiyyata ce." A duniya babu abin da Barira take ji da shi kamar wannan kalma ta Inna, kuma ta san Nihal ce ta samo mata ita.

Matsalar ɗaya ce, mai shirin. Alhaji Mamuda Na-Gwaggo shi ne furodusa, kuma da yake dukiyarsa ce, shi ne jarumi. Mutumin da ya aurar da 'ya'ya har da jikoki, shi ne yake rina gemu ya matse cikin ƙaramar riga ya fito a Fahad, matashin da ya gama jami'a bara, mijin Nihal. Kowa a wurin aiki yana gani, kowa ya ja bakinsa ya tsuke.

Kuma Alhaji yana da wata ɗabi'a da duk 'yan masana'anta suka sani. Ba ya korar jaruma, ba ya faɗa da ita. In kin ɓata masa rai, a fitowa ta gaba mota za ta buge ki, ki shiga doguwar suma. Sai ki yi ta kwanciya a gadon asibiti ana ɗaukarki ido rufe. In kin ba da haƙuri, likita ya fito yana murmushi ya ce an auna arziki. In kin yi taurin kai, likita ya fito ya cire tabarau ya girgiza kai, shi ke nan, sai zaman makoki. Har mutum na musamman yake da shi don wannan aiki, Malam Ɗayyabu mai fitowa a likita, wanda kansa kaɗai ya kashe matan da ba sa ƙirguwa.

Ranar da tsautsayin ya faɗa wa Barira, waƙa ake ɗauka a wani lambu. Alhaji ya zo zai yi wani juyi irin na samari, gwiwarsa ta ce ƙaras, har mai kyamara sai da ya waiga. Ita kuwa baki ya riga hankali, ta ce, "Sannu Baba, a kawo kujera?"

Baba! A gaban ma'aikata, a gaban 'yan kallo! Alhaji murmushi ma ya yi. A fitowa ta gaba Nihal ta fita sayen kayan miya, adaidaita sahu ya kwashe ta.

Haka Barira ta koma 'yar gado. A liƙa mata robar ƙarin ruwa da filasta, a ja mata zani zuwa wuya, a ce kada ta motsa. Alhaji ya zo ya zauna a gefe yana kuka. Da yake doka ba ta yarda namiji ya taɓa mace a fim ba, sandar ƙarin ruwan yake rungumewa yana lallashi. Kuma ba a rubuta masa magana, abin da ya zo bakinsa shi yake faɗa. Sai ya kalle ta ya ce, "Nihal, wannan jarrabawa ce. Wataƙila bakinki ne ya ja miki. Mace mai baki ba ta gamawa lafiya, Nihal."

Darakta, wani siririn mutum mai suna Zilkiflu, ya ce, "Alhaji, ai Nihal ba ta da baki a labarin."

Alhaji ya ce, "Bar shi a haka, saƙo ne ga al'umma."

Barira tana kwance tana ji, amsoshi suna ta zuwa mata layi-layi, kowanne da kiɗansa, ba damar fitarwa. Sau da yawa sai Zilkiflu ya tsayar da aiki ya ce, "Barira, don Allah, babban yatsan ƙafarki yana bin kiɗa a ƙarƙashin zani." Ta cije ta daure. Inna kuwa kullum sai ta bugo waya daga Rigasa. "Ke, yaushe za ki farka ne? Matan layi har sun fara yi mini jaje. Ki tashi haka nan, kin ji ko?" Wannan waya ita take karya wa Barira zuciya, don ta san ranar da Nihal ta mutu, ranar za a naɗe tabarmar tsakar gidan Inna.

Da abin ya ishi masu kallo suka fara ƙorafi, sai Alhaji ya ce yau za a yi ta ta ƙare. Aka tara ma'aikata a ɗakin da aka mayar asibiti. Malam Ɗayyabu ya sa farar riga ya rataya abin awo a wuya, ya tsaya a bakin ƙofa yana gwada fuska biyu, ta murmushi da ta girgiza kai, don bai san wadda za a nema ba.

Alhaji ya gyara zama ya ce, "Barira, ni ba na riƙo. A gaban mutane kika yi, a gaban mutane za ki gyara. Ki ce, Yaya Mamuda, ka yi haƙuri. Kina faɗa, Nihal ta buɗe ido."

Barira ta tashi zaune, robar ruwa tana reto a hannunta. Ta dubi gemun nan da rini ya fara saki daga gindi, ta tuna Inna da matan layi. Ta sunkuyar da kai irin na Nihal ta ce, "Yaya Mamuda, ka yi haƙuri."

Wallahi har Malam Ɗayyabu ya fara jera haƙora. Da Alhaji ya tsaya nan, da an tashi lafiya. Amma ina, daɗi ya kwashe shi. Ya waiga ya tabbatar kowa yana ji, ya ce, "Madalla. Saura ɗaya. Ki faɗa musu wannan haushin da kike yi a Kaduna ba waƙa ba ce, hauka ce, kuma ni na tsamo ki daga bola na mayar da ke mutum."

Barira ta daɗe tana kallonsa. Can sai ta gyara filo, ta koma ta kwanta a hankali, ta miƙe ƙafafu, ta ja zani da kanta har ta rufe fuska. Daga ciki ta ce, "Malam Ɗayyabu, bismillah."

Alhaji ya miƙe yana huci. "Ɗayyabu, girgiza! Girgiza mata kai yanzun nan!"

Malam Ɗayyabu ya cire tabarau. Zilkiflu ya yi tsalle ya shiga tsakani, hannu biyu a ka. "Alhaji, tsaya, don girman Allah! A fitowar da ta wuce likita ya ce ta fara samun sauƙi, har yatsanta ya motsa, kowa ya gani. Yanzu in ta mutu haka kawai, masu kallo za su cinye mu ɗanye. Me za mu ce ya kashe ta?"

Zanin ya ɗan ɗaga, Barira ta leƙo da ido ɗaya.

"Darakta, kada ka wahalar da kanka. Duk wanda ya ga mijin ba zai tambaya ba."