Zobban Tsuntsayen Yaya Usman

Ba zan taɓa mantawa da muryar Yaya Usman ba a safiyar nan da ya zazzage jakarsa a tsakar ɗaki ya ce, a hankali, "Wa ya ga wani ɗan gwangwani?" Yayana ba ya magana a hankali sai abu ya ɓaci. Na ajiye kofin shayina. Sati biyu ke nan, amma har yanzu in na ji jiniyar jirgi daga mina, wato tashar jiragen ruwa, sai na tuna da gwangwanin nan.

Yaya kuku ne a wani jirgin ruwa da ke kai abinci can ƙarshen duniya, wani tsibiri mai ƙanƙara inda ba kowa sai Turawa 'yan bincike da ke gadin tsuntsayen teku da tsofaffin bukkokin masunta na da. Dokar wurin ita ce ba a ɗauko komai. Ko ƙwai, ko gashin tsuntsu, ko tsatsattsiyar ƙusa daga jikin bukka. To ku faɗa mini yadda za a bayyana wa matan Nuzla, unguwarmu a nan ƙasar Larabawa, wannan. Duk zuwansa sai Khala Rabi, maƙwabciyarmu, ta ce, "Ya bint, ɗan'uwanki ya je inda rana ba ta zafi, ko tsakuwa bai riƙo mana ba?"

Saboda haka da jirginsu ya tsaya shan mai na kwana biyu, na buɗe jakarsa don in fitar da wanki, na ga gwangwani cike da zobban ƙarfe masu ƙyalli, kowane da lambobi a jiki, sai na ce alhamdulillahi, Yaya ya yi hankali. Ban tambayi kowa ba (ni da na gama sanawiyya, wato sakandare, ni da ake kawo wa wasiƙa in karanta). Na yafa abaya na bi gida-gida ina cewa, "Ga tsarabar Yaya, ba yawa." Goma sha ɗaya ne. Har godiya na karɓa a madadinsa.

"Tsaraba?" in ji Yaya. Ya zauna a ƙasa. "Daga ƙafar matattun tsuntsaye aka ciro su!"

Ashe wani tsohon Bature da ya biyo jirginsu, likitan tsuntsaye, shi ke sa wa manyan tsuntsayen tsibirin zobe tun suna 'yan tsaki. In ɗaya ya mutu aka tsinci zoben, lambar ce ke faɗin shekarunsa da inda ya je. Aikin rayuwar mutumin ke nan. Ya ba Yaya su ne ya wanke masa gishirin jikinsu da lemon tsami, tun da shi ke da kicin. Jirgi kuma zai tashi bayan la'asar.

"In babu su aikina ya tafi," ya ce. "In kuma ya kai ƙara wurin shurɗa, 'yan sandan nan, cewa an saci kayan jirgi..." Bai ƙarasa ba. Ni na ƙarasa a raina: ofis, tambayar iƙama, takardar izinin zamanmu, Inna tana kuka, ni a bayan motar shurɗa.

Kun taɓa zuwa karɓar kyautar da kuka bayar? Kada Allah ya nuna muku. Wata ta riga ta ɗaura wa jaririnta a wuya tare da laya. Wata ta sa a yatsan ƙafa. Da na ce daga gawar tsuntsu ne, wata amarya ta wurgo mini nata ta taga, ta bi ni da "A'uzu billahi!" Kafin azahar na tara goma.

Na goma sha ɗayan yana babban yatsan Khala Rabi, kuma yatsan ya kumbura. Muka sa sabulu, muka sa man zaitun, muka naɗa zare. Ko motsi. Yaya ya kawo shawarar a yanke zoben.

"A yanke wa? Shekara nawa ina jiran tsarabarka, Usmanu? Wallahi sai dai a kai ni wurin Baturen."

Haka aka yi. Muka sa ta a tasi, yalla sai ƙofar mina. Baturen ya fito, dogo, jajir kamar an gasa shi, riƙe da littafi. Ya ƙirga goma, ya dubi Yaya. Yaya ya nuna Khala. Baturen ya miƙo hannu zai duba, ta janye nata cikin mayafi.

"Kul! Ba muharramina ba ne. Ke 'yar makaranta, zo ki karanta masa."

Sai ga ni durƙushe a bakin ƙofar mina da rana tsaka, riƙe da babban yatsan tsohuwa, ina karanto lambobi da Turancin da ke rawa, 'yan dako (rabinsu abokan Babanmu ne) sun yi da'ira suna kallo. Ɗaya ya ce, "Ɗaurin aure ake yi ne?" Na so ƙasa ta tsage.

Baturen ya rubuta, ya buɗa wani shafi, ya daɗe yana dubawa. Ya faɗi wata magana, Yaya ya fassara: wai tsuntsuwar ta daɗe a duniya ƙwarai, kuma duk tsibirin ba wadda ta kai ta faɗa.

"Allah ya ji ƙanta," in ji Khala. "Ashe zoben ya san inda ya zo."

Da aka mayar masa da wannan, Baturen ya yi dariya har ya share ido. Ya ce lambar yake bukata, ta riƙe ƙarfen. Ni dai ban yarda ba sai da ana kiran la'asar Yaya ya dafa kaina ya ce, "Halas, ba shurɗa, ba kora. Tashi ki je gida."

Na tashi na tafi gida. Yanzu ko dabino na gani a jakar wani, sai na tambaya ko daga ƙafar wa aka ciro shi.